Bindigar Gwanjo: Lissafin Da Ya Kamata A Yi Kafin A Ƙirga Kuɗi

Sanin kowa ne cewa ɗan kasuwar Damagaram ba ya sayen buhun gero sai ya soka hannu ya ga ƙwayar, ba ya sayen raƙumi sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ba ya kuma karɓar mota ta hannu sai ya kira makanike ya saurari kukan injin. Amma akwai wata haja guda wadda shi wannan ɗan kasuwa, da ma'aikacin gwamnatin da suke shan shayi tare da maraice, kan yarda su saya ido rufe, a ƙuryar ɗaki, da murya ƙasa-ƙasa, ba tare da sun tambayi daga ina ta fito ba. Wannan haja ita ce ƙaramar bindiga ta gwanjo, irin mai babban bakin nan da ke ɗura wa kanta sabon harsashi bayan kowane harbi. Mai tallarta yakan ɗora ta a tafin hannun mai saye don ya ji nauyinta, ya ce masa harbi ɗaya ya isa. Nauyin nan kuwa shi ne rabin cinikin.

Bai kamata a yi wa mai wannan tunani dariya ba, domin tsoron da ya kai shi ga haka ba mafarki ba ne. Duk wanda ya bi hanyar Tanut zuwa Agadas ɗauke da kuɗin kaya, ko ya dawo daga kasuwar Maigatari da kuɗin shanu a ƙarƙashin kujera, ya san yadda gaba ke faɗuwa idan rana ta faɗi mota ba ta shiga gari ba. Tun tawayen arewa na farko, wanda ya biyo bayan abin da ya faru a Cintabaradan a watan Mayu na 1990, makamai suka yawaita a hannun da ba na hukuma ba. An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ran 24 ga Afrilu 1995, an ƙone bindigogi fiye da 1,000 a bainar jama'a a Agadas ran 25 ga Satumba 2000, amma tawaye ya sake tashi daga 2007 zuwa 2009. Faɗuwar Gaddafi a 2011 ta buɗe rumbunan makaman Libiya. Zinariyar Jado da aka gano a 2014 ta cika hamada da mutane masu dukiya a jiki da kuma masu farautarsu. Masu satar mutane don kuɗin fansa da suka addabi Zamfara da Katsina sun tsallako yankin Madarumfa da Gidan Rumji a jihar Maraɗi, maƙwabciyar Damagaram. Da aka rufe iyaka da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, har zuwa watan Maris na 2024, fatake da yawa sun koma bin hanyoyin daji, inda babu mai jin kururuwar wanda aka tare. Haɗari dai akwai shi. Abin tambaya shi ne ko wannan ƙarfe yana rage shi, ko kuwa ƙara shi yake yi.

A fara da ita kanta hajar. Idan ana maganar ƙaramar bindiga mai babban baki, wadda ta fi suna a duniya ita ce Colt ta Amurka samfurin 1911, wadda John Browning ya tsara, da ire-irenta da masana'antu daban-daban suka kwaikwaya. Faɗin harsashinta milimita 11.43 ne, nauyin dalmarsa ya kusa giram 15, wato kusan ninki biyu na harsashin milimita 9 da aka fi sani. Ita bindigar ta haura kilo 1 tun ba a ɗura ta ba, gidan harsashinta na asali kuwa guda 7 yake ɗauka. Makami ne na ƙwarai a hannun wanda ya ƙware da shi. To amma sojojin Amurka da suka riƙe ta shekara 74 su ne suka ajiye ta a 1985 suka ɗauki Beretta mai milimita 9, wadda ke ɗaukar harsashi 15, domin harsashinsu ya zo daidai da na abokansu na ƙungiyar tsaro ta OTAN.

A nan ne lissafin ya fara karkacewa. Harsashin da ke yawo a ƙasashen Sahel, ta halas ko ta haram, shi ne wanda rundunonin yankin ke aiki da shi: na Kalashnikov da na milimita 9. Wanda ya sayi mai babban baki ya zama kamar wanda ya sayi motar da babu kayan gyaranta daga Damagaram har Kano. Mai sayarwa zai haɗa masa da ƴan ƙwayoyi a cikin leda, waɗanda babu wanda ya san shekarunsu, balle irin damina da zafin bazarar da suka sha a rami ko a cikin mota. Ba zai iya gwada su ba, domin kowane gwaji ragi ne a ɗan abin da yake da shi. Tun da ba ya gwaji, ba ya koyo. Alhali kuwa irin wannan bindiga tana ture hannun mai harbi, bakinta yana ɗagawa sama bayan kowane harbi, kuma sai mutum ya ƙone ɗaruruwan harsasai a filin horo kafin hannunsa ya saba. Alhajin da bai taɓa harba ta ba sai ran da aka tare shi, a ranar zai fara darasi na farko, cikin duhu, jiki na rawa.

Sai batun tsufa. Bindigar da ke ɗura kanta ta dogara ne da sifirin da ke mayar da samanta gaba, da wanda ke tura harsashi sama a cikin gidansa, da ɗan ƙugiyan da ke fizge kwanson da aka harba ya jefar. Duk waɗannan suna gajiya, kuma gajiyarsu ba ta nunawa a waje. Ƙurar hunturu idan ta haɗu da tsohon mai sai ta zama laka a cikin ƙarfe. Sakamakon shi ne bindiga ta harba ɗaya ta cije a na biyu. Maƙeran Damagaram gwanaye ne a takobi da adaka da garma, amma cikin fistol ba sana'arsu ba ce. Masu gyaran irinta suna cikin bariki, aikinsu kuwa na hukuma ne. Mai sayarwa ba zai yarda a fita bayan gari a gwada ba, ba ya ba da rasit, ba a kuma mayar masa da kaya. Masu iya magana suna da suna ga irin wannan ciniki: cinikin biri a sama.

Akwai ma abin da ya fi haka muni. Cibiyar binciken ƙananan makamai ta birnin Janeba, Small Arms Survey, a rahotonta na 2018 kan Nijar, ta nuna cewa daga cikin ƙananan bindigogin da ke shigowa ta Libiya akwai ƙirar Turkiyya waɗanda asalinsu na ƙara ne kawai, wato an yi su don su yi amo ba tare da dalma ta fita ba, sannan aka sauya su don su harba na gaske. A ido ba su da maraba da manyan sunayen da ake kwaikwayo, suna da sheƙi da nauyi. Amma ƙarfensu ba a yi shi don ɗaukar ƙarfin harsashin gaske ba, yana iya tsagewa a hannun mai harbi. Wanda bai san bindiga ba, yaya zai bambance? Araha ba ta ado, balle ma a nan ko arahar babu.

Ko da an dace bindigar ta gaske ce kuma lafiyarta ƙalau, saura tambayar da ta fi kowace nauyi: ta wa ce a da? Babu shagon da ke sayar da irin wannan makami a kasuwar Dole. Kowace bindigar masana'anta tana fita da lamba, ta shiga littafin wata runduna ko wani dillali mai izini. Kafin ta iso ƙuryar ɗakin da ake cinikinta, sai an sace ta daga ma'ajiyar hukuma, ko an cire ta daga ƙugun sojan da aka kashe, ko ta biyo hamada daga Libiya, ko ɗan fashin da ya gama aiki da ita yana neman rabuwa da shaida. Idan an goge lambar, gogewar kanta shaida ce. Bugu da ƙari kowace bindiga tana barin tambarinta a jikin kwanso da dalmar da ta harba, masu bincike kuma suna iya haɗa wannan da wancan. Ranar da aka kama ta, wanda aka same ta a hannunsa shi zai amsa tambayoyin da suka shafi mutanen da bai taɓa gani ba. Mai sayarwa kuwa ya daɗe da shiga duniya.

Doka ba ta bar wannan a duhu ba. Tun a 1963, shekara 3 bayan samun ƴancin kai, aka ɗora mallakar makami da shigowa da shi da sayar da shi a ƙarƙashin izinin ma'aikatar cikin gida, a 1994 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai tattara haramtattun makamai, CNCCAI. Ciniki tsakanin mutum biyu a ɓoye ba ya ba kowa haƙƙin mallaka, ko nawa aka biya. Ɗan kasuwar da ke wuce shingen jandarmomi da na ƴan sanda da na duwan sau da yawa a tafiya guda, ya ɗora wa kansa abin da zai sa shi sunkuyar da kai a kowane shinge. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wanda jiya yake iya tsayawa ya yi gardama kan kuɗin da ba ya cikin ƙa'ida, yau zai biya ninki ya yi godiya, don kada a ce a sauke kaya. Idan ya tsallaka Najeriya da ita, laifin ya zama biyu a ƙasa biyu. Ma'aikacin gwamnati kuwa, ko malamin makaranta ne da aka tura Tasker ko mai riƙe da kuɗin ofis a Gure, nasa ya fi tsada: hukuncin kotu guda yana iya cinye aikin shekara 20 da fanshon da ke bayansa.

Wani abin da masu saye ba su cika tunawa ba shi ne mutumin da ya sayar musu. Wannan mutum yanzu ya san abu uku: alhaji yana da kuɗin da yake tsoro a kansu, yana da bindiga marar takarda, kuma harsashinsa guda nawa ne. Wanda sana'arsa ke nan, abokan huldarsa ba limamai ba ne.

A ɗauka duk wannan bai faru ba, an zo ranar da aka sayi bindigar dominta. Masu tare hanya ba su aiko da sanarwa. Su ke zaɓen wuri, su ke zaɓen lokaci, suna zuwa da yawa, kuma abin da ke hannunsu Kalashnikov ce mai harsashi 30, wadda ke kai wa mita 300 kuma take huda ƙofar mota kamar takarda. Ƙaramar bindiga ko a hannun gwani ba ta wuce ƴan mitoci goma-goma. Mutumin da ke zaune a mota, babbar riga ta naɗe shi, fitila ta haske masa ido, kafin ya kai hannu ƙugu an riga an gama magana. Girman baki bai canza komai a wannan lissafi ba. Abin da ya canza shi ne halin ɓarayin: fashin da zai ƙare da asarar kuɗi ya koma harbe-harbe, direba da yaron mota da fasinjojin da ba a shawarce su ba su ma sun shiga ciki. Ko bai harba ba, idan aka laluba aka same shi da makami, za a ɗauke shi jami'in tsaro ne ko ɗan banga. A ƙarshe ɓarayin sun tafi da kuɗin, sun ƙara da bindiga.

A gida ma ba a tsira ba. Gidan Bahaushe ba gidan mutum ɗaya ba ne. Akwai mata, akwai yara masu binciken ƙarƙashin katifa, akwai saurayin da ke son nuna wa abokansa abin babansa, akwai ranar ɓacin rai kan gado ko kan bashi, wadda da sanda ce a kusa da an rabu da kumburi. Bindigar da ke ɗura kanta tana da wani tarko da ya ci mutane da yawa: a cire gidan harsashi a zaci ta zama fanko, alhali guda ɗaya yana kwance a bakinta. A Amurka, binciken da likita Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 ya gano cewa gidan da ke da bindiga haɗarin kisan kai a cikinsa ya kusa ninki uku na gidan da babu, kuma galibi tsakanin dangi da makusanta ne. Amurka ba Damagaram ba ce, amma fushi ɗaya ne ko'ina. Haka kuma bindigar da aka sace daga gidan attajiri ba ta barin gari. Zinder ta sha fama da faɗan matasan da ake kira ƴan pale, waɗanda Aisha Macky ta nuna rayuwarsu a unguwar Kara-Kara cikin fim ɗinta na 2021. Faɗan da aka saba yi da wuƙa da adda, babu mai hankalin da zai so ya ga an shigar da fistol cikinsa.

Masu goyon bayan saye suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa addini ya halatta wa mutum kare ransa da dukiyarsa da iyalinsa, gaskiya ne. Suna cewa hukumar da ta hana talaka makami ba ta hana ɓarawo ba, wannan ma gaskiya ne. Wasu kan ƙara da cewa Damagaram ƙasar bindiga ce tun kaka da kakanni. A nan ne ya kamata a dakata, domin tarihin ba haka ya faɗa ba. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi ta hanyar fataken Tarabulus, ya sa an haɗa albarushi an kuma zuba igwa a cikin garinsa, ya kewaye Birni da garu, har sunan Damagaram ya zama abin shakka daga Borno zuwa Kano. Amma waɗannan bindigogi na fada ne, suna hannun rundunar bayin sarki, masu shugaba da horo da wanda za su amsa wa. Abin da ya sa Zango ta cika da fatake, har aka sami attajirai irin su Malam Yaro, shi ne akwai ikon da ke tsare hanya yana karɓar haraji a madadin haka. Ayarin da ke ratsa Damargu zuwa Abzin ya dogara ne da yawansa, da madugun da ya san rijiyoyi, da amanar da aka ƙulla da masu ƙasar da za a bi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Kuma ko wannan tarin makami na fada bai hana abin da ya faru a Tirmini a watan Yuli na 1899 ba, lokacin da rundunar Sarki Amadu Kuran Daga ta gamu da bindigogin Faransa da suka fi nata nisa da sauri. Wanda makaminsa bai kai na abokin gaba ba, yawan ƙarfin zuciya ba ya cike gibin.

Zamanin nan ma ya ba da nasa darasin. A shekarun 1990 al'ummomi a yankin Tasara da na Ngigmi sun ɗauki makamai don kare kansu daga ƴan tawaye, aka daɗe bayan sulhu ana lallashi kafin a karɓi wasu daga ciki. A Zamfara ƴan sa-kai sun tashi da niyyar korar ɓarayin shanu, ramuwar gayya ta biyo baya, ƙauyuka suka zama kufai. Kowane ɗayansu ya fara ne da mutum mai gaskiya wanda ya gaji da jira.

Wannan jiran kuwa laifin hukuma ne, kuma ba za a wanke ta ba. Gwamnatoci sun zo sun wuce, na farar hula da na soja, kowace ta yi alkawarin tsaron hanya. An sa hannu a Abuja kan dakatar da cinikin ƙananan makamai a 1998, an mayar da shi yarjejeniyar CEDEAO a 2006, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025. Takardu ba su rasa ba. Abin da ɗan kasuwa ke gani shi ne shinge da yawa a bakin gari inda ake karɓar kuɗi, da babu kowa a tsakiyar daji inda ake karɓar rai. Yana kuma ganin cewa mai uwa a gindin murhu ba ya wahalar samun takardar izini. Muddin haka ta ci gaba, dillalin bindigar gwanjo ba zai rasa ciniki ba. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na masu motocin sufuri na jihar Damagaram suna da bakin da ake ji a Yamai, ba su cika amfani da shi a kan wannan ba. An daɗe ana rakiyar ayarin motoci da soja tsakanin Agadas da Dirku. Babu abin da ya hana a nemi irin wannan a ranakun manyan kasuwanni a hanyoyin da aka san ana tarewa, ko sintirin jandarmomi mai yawo maimakon mai zama a inuwa. Masu biyan haraji da kuɗin duwan ba roƙo suke yi ba idan sun nemi haka.

Kafin nan, abin da ɓarawo ke bi shi ne tsabar kuɗi, kuma wannan ce ƙofar da ɗan kasuwa ke iya rufewa da kansa. Kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza sun buɗe rassa a garuruwa da dama, ladan da suke karɓa a tafiye-tafiye masu yawa bai kai kuɗin bindiga guda da harsashinta ba. Tashi da asuba a isa da rana, tafiya mota uku ko huɗu tare, rufe baki kan ranar tafiya ko da a gaban yaran shago, ƙofar ƙarfe da fitila da mai gadin da ake biya a kan lokaci: babu ɗaya daga cikinsu da ke da kwarjinin fistol a ƙugu, shi ya sa ba a hirarsu a majalisa.

Wanda ya auna duk wannan ya ga har yanzu aikinsa na bukatar makami, hanyarsa ita ce ta ofis: ya rubuta takardar nema, ya jure binciken da za a yi a kansa, ya sayi wadda lambarta ke rubuce a takardarsa, mai harsashin da ake samu ta halas, ya nemi horo, ya tanadi akwatin ƙarfe mai makulli. Za a ɓata masa lokaci, mai yiwuwa ma a hana shi. Wanda kuwa ya riga ya yi cinikin ƙuryar ɗaki, ya fi masa ya nemi shawarar lauya kan yadda zai miƙa ta ga hukuma da ƙafarsa, tun kafin a same ta a motarsa a shingen Takeita.